Mota ta buge ƙanena kuma direban ba shi da inshora, wa zai biya kuɗin asibiti?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shari'a da waɗanda irin wannan ta taɓa faɗa wa ku ba ni shawara, wlh kaina ya kulle. Ƙanena ne mota ta kwashe a kan mashin ɗinsa wajen Na'ibawa yana dawowa daga shago da magariba, wata Sharon ce ta haya ta fito daga layi ba sigina ba hon ta hau titi kawai. Alhamdulillahi da ransa, amma cinyarsa ta dama ta karye, haƙoransa biyu na gaba sun fita, mashin kuwa ba a magana. An yi masa aiki an sa ƙarfe, likita ya ce sai ya yi watanni kafin ya taka, shi kuma tela ne da wannan ƙafar yake taka keke, yana da mata da yara biyu ga kayan mutane jibge a shago har an fara zuwa karɓa.

Zuwa yanzu mun kashe sama da naira dubu 900 tsakanin aiki da jini da hoto da magani, rabi bashi ne. Motar tana hannun 'yan sanda, direban an ba da belinsa. Da aka ce ya kawo takardu ya kawo har da ta inshora, sai wani ɗan sanda ya danna lambar motar a wayarsa ya ce babu ita a rajista, takardar bogi ce. Mai motar kuma wani Alhaji ne, ya aiko cewa shi balas kawai ake kawo masa kullum ba ruwansa da abin da direba ya yi a hanya.

Jiya 'yan'uwan direban suka zo gidanmu da mai unguwarsu da mutum biyu daga yuniyon ɗin tasha, suka ajiye dubu 200 wai mu karɓa mu sa hannu mun yafe a saki mota. Baba har ya fara cewa ƙaddara ce a bar wa Allah, ni ne na ce a ba mu kwana biyu. Tambayata, tunda babu inshora shike nan ba mu da wanda za mu kama? Kuma in mun ƙi sa hannun me zai biyo baya?

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa don girman Allah kar ku sa hannu yanzu. Mu abin da ya faru da maigidana ke nan, aka zo da dattawa aka yi ta ba mu baki muka karɓi abin da suka kawo muka sa hannu, ashe ƙarfen nan da ake sakawa akwai ranar cire shi kuma shi ma aiki ne da kuɗinsa, ga gashin ƙashi da aka yi ta kai shi, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa tunda ba ya iya hawa mashin. Da muka koma neman su lambar direban ma ta daina shiga, waɗanda suka rako shi kuwa cewa suka yi ai an gama magana tun tuni ga takarda. Sai da na sai da ɗan kunnena da awarwaro. Ni ban ce kar ku yafe ba amma ku san nawa ne abin da kuke yafewa tukunna.

Barista_Aliyu:

Allah ya ƙara sauƙi Malam. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne wai rashin inshora ya kashe haƙƙinku. Ko da akwai inshora, wanda doka ta ɗora wa alhaki shi ne wanda ya yi gangancin, kamfanin inshora tsaya masa kawai yake ya biya a madadinsa. In babu kamfanin sai nauyin ya koma inda yake tun asali, wato aljihun direba da na mai mota. Wahalar da ta ƙaru ita ce ta karɓowa, don ka ci shari'a a kan wanda ba shi da ko sisi takarda kawai ka samu.

Shi ya sa maganar Alhajin nan ita ce wurin da za ku fi sa ido. Cewa balas kawai nake karɓa ba ta isa ta fitar da mutum ba, in dai motarsa ce da sunansa a takardu, shi ya ɗauki direban ya ba shi mukulli yana yi masa aiki kuma a kan aikin hatsarin ya faru, to ana haɗa su biyun a ƙara, kotu ce za ta duba irin alaƙar da ke tsakaninsu. Inda ake samun gardama shi ne in ya kawo takardar cewa sayar masa da motar ya yi yana biya a hankali, nan lauyansa zai ce ai direban gashin kansa yake ci. Don haka ku nemi hoton takardun motar daga wajen mai binciken kes ɗin tun yanzu kafin wani ya je ya rubuto yarjejeniya ya sa mata tsohon kwanan wata, ana yi. Ban da haka, barin mota ta hau titi ba inshorar tad fati, wato wadda ke biyan wanda motar ta yi wa ɓarna ko rauni, laifi ne a kan wanda ya tuƙa da wanda ya ba da motar a tuƙa, tun dokar 1945 ake da wannan hukuncin, kuma Alhaji ya san da haka, shi ya sa yake aike bai zo da kansa ba.

Sai takardu. Kotu ba ta biyan kuɗin da aka kashe da baki, kowane rasit sai an nuna shi, ko na kyamis ne na naira 500 ku ajiye, ku samu leda guda ku riƙa zubawa kuna ɗaukar hotonsu a waya don irin takardar POS ɗin nan gogewa take cikin 'yan makonni. Ku karɓi rahoton likita mai sitamfi wanda ya faɗi irin karayar da aikin da aka yi da wanda ya rage. Ku nemi rahoton 'yan sandan sashen hatsarin mota da zanen da suka yi na wurin da rahoton VIO, jami'an duba lafiyar mota, a kan motar, ku rubuta suna da lambar mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu, masu shayi da masu faci na bakin titin nan su ne shaidu kuma mantuwa ba ta da wuya. Tunda tela ne, littafin da yake rubuta awo da kuɗin ɗinki shi ma hujja ce ta abin da yake samu a wata. Ban da waɗannan da ake lissafawa da rasit akwai diyyar wahala da raɗaɗi da naƙasa in ta samu, wannan alƙali ne ke ƙiyastawa.

Kes ɗin 'yan sanda daban, neman diyyarku daban. Su tuƙin ganganci za su gurfanar da shi a kai a gaban majistare, kuma in an same shi da laifi sashe na 78 na kundin Penal Code ya ba kotu damar sa shi ya biya wanda ya ji wa ciwo, sai dai sau da yawa abin da ake yankewa a nan bai taka kara ya karya ba. Ƙarar diyya ta sosai ku ne za ku shigar. In babu kuɗin lauya akwai ofishin Legal Aid Council, ku je ku gwada. Kuma kar a yi ta jan ƙafa, ƙarar rauni tana da wa'adi, kowace jiha da nata, a wasu shekara 3 ne kacal.

Ɗan Tasha:

Allah ya kiyaye gaba. Ni direba ne layin Kano zuwa Kaduna nake yi, bari in faɗi ta ɓangarenmu ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Takardar bogin nan yawancin direbobi ba su ma san ta bogi ba ce, mai mota ne ke ba wani ejan kuɗi a bakin ofishin lasin ya haɗo masa fatikula gaba ɗaya, a kawo maka a leda ka jefa a dashbod, kai dai in an tare ka ka miƙa. Direban da zai kai balas ya sha mai ya biya kuɗin tasha ya sallami na hanya, abin da zai koma gida da shi wani lokacin ko cefane bai kai ba, in kun ce sai ya biya miliyan to ku kai shi gidan yari kawai ku huta don ba shi da ita. Dubu 200 ɗin nan ma na tabbata karo-karo aka yi masa.

Mai mota za ku riƙe, kuma ta hannun shugaban yuniyon na tashar da motar ke lodi za ku same shi, don shi ne mutumin da Alhaji ba zai iya ƙin ɗaga wayarsa ba. Amma gsky ku sani motar da ke ajiye a caji ofis ba ta kawo ko kwabo, taya na sacewa batir na mutuwa, kuma daga cikinta kuɗin naku zai fito.

Ummu Hanif:

Ni dai a ganina tunda mahaifinku ya ce a yafe ku bi maganarsa, hatsari ba wanda yake so, shi ma direban bai fito da niyya ba. Kuɗin diyya ba ya albarka, Allah zai buɗa muku ta wata hanyar.

Malam Na Zaure:

Malama Ummu Hanif, Allah ya saka da alheri, yafiya abu ne mai lada babu shakka, amma cewa kuɗin diyya ba ya albarka wannan maganar gari ce, ba ta da tushe. Allah da kansa ya hukunta diyya a kan kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92, ya ce a miƙa ta ga iyalan mamaci sai fa in su suka yi sadaka da ita. To ai dama kuskure aka yi wa diyya, da gangan ne da wani hukuncin ake magana. Ƙaddara kuma ba ta ɗauke lamuni, wanda ya fasa maka tulu bisa kuskure ƙaddara ce kuma zai biya.

Abban Sadiq, ga abu biyu da za ka kai wa Baba cikin ladabi. Na ɗaya, haƙƙin nan na wanda aka ji wa ciwo ne, baligi ne mai hankali da iyalinsa, shi ke da ikon yafewa ko karɓa, uba shawara zai ba shi, kuma bai kamata a je wa mutum yana kwance cikin zafin ciwo da kunyar dattawa a ce ya yafe ba. Na biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, haka yake a Risala, saboda sai a lokacin ake sanin ƙafar ta koma daidai ko ta gajarce ko ta bar ɗingishi. Karayar cinya ba ta da adadi yankakke, alƙali ne ke duba naƙasar da ta bari ya ƙiyasta. Haƙori kuwa yana da shi, raƙuma 5 ne kowane ɗaya kamar yadda ya zo a wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru bn Hazm, cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, ka ga haƙori ɗaya dinari 50 ke nan, dinari kuma wajen giram 4.25 ne na zinare. Ka je wajen masu sai da gwal ka tambayi kuɗin giram ɗaya yau ka lissafa da kanka, sannan ka dubi dubu 200 ɗin da aka ajiye muku. Kuma abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyar wanda ya yi laifin ake biya, ba a raba wa danginsa.

Ban faɗi wannan don ku shaƙe talaka ba, na san ba za a iya biyan haka ba. In ya san abin da shari'a ta ba shi sannan ya ce a biya asibiti da abin da iyalinsa za su ci ya yafe sauran, ya yi sadaka da saninsa kuma ladansa na nan. Sharaɗin duk wannan shi ne a tabbatar laifin direban ne, wannan kuma aikin shaidu ne da alƙali.

Hajiya Inshora:

Ina aiki a wannan harkar, bari in ƙara kaɗan a kan na Barista. Da farko ku sake duba lambar motar da kanku, ku danna *565*11# a waya ku bi abin da ya ce, ko ku shiga shafin askniid, rumbun da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke zuba duk inshorar mota ta gaske ne. Wani lokacin ta gaske ce ba a ɗora ba ko an yi kuskuren harafi a lambar, don haka ku ɗauki hoton takardar ku je ofishin kamfanin da aka buga sunansa a kai su faɗa muku a rubuce tasu ce ko ba tasu ba. In tasu ce kun huta, in suka tsaya wasa akwai sashen ƙorafi na NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora.

Abin takaicin shi ne kuɗin ba wani yawa ne da shi ba. Daga 1 ga Janairun 2023 tad fati na motar gida ya tashi daga naira 5,000 ya koma 15,000 a shekara, adaidaita 5,000, mashin 3,000, kuma a motar gida tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, rauni da rasa rai kuwa ba a sa musu iyaka ba. Duk wanda aka ce masa kawo dubu biyu ko uku a yi maka ta mota ya san me ya saya. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce sun fara kama marasa ita amma har yau ana buga ta bogi a gindin bishiya. Masu cewa su ba sa inshora saboda addini kuma akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz da Noor suna yi, ita ma doka ta yarda da ita.

Game da wanda mota marar inshora ta buge ko wadda ta gudu ba a gane ta ba, tun dokar inshora ta 2003 akwai tanadin wani asusu a ƙarƙashin NAICOM don irinsu, sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2025 ma ta zo da asusun biyan waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su. Ku rubuta musu takarda ku haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita, ba abin da za ku rasa, amma kar ku jingina da shi ku saki Alhaji, ni dai a aikina ban taɓa cin karo da wanda ya ce min ya karɓa ba.

Abban Sadiq:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Hajiya na danna lambar, babu ita. Allah ya gafarta Malam na karanta wa Baba bayaninka ya yi shiru, daga baya ya ce a bari yaron ya dawo hayyacinsa a tambaye shi. Barista akwai abin da ban faɗa ba, ƙanen nawa ba shi da hular kwano a lokacin kuma lasin ɗinsa ya ƙare, 'yan yuniyon sun yi ta nanata wannan wai in aka je kotu shi ma kama shi za a yi. Gaskiya ne? Sannan kotun Musulunci ya fi ko ta majistare?

Barista_Aliyu:

Barazana ce rabi, gaskiya rabi. Rashin hula da lasin da ya mutu laifinsa ne na hanya ana iya cin sa tara a kai, amma ba shi ya fito da Sharon daga layi ba sigina ba. Abin da kotu ke yi in ta ga wanda aka buge shi ma da nasa sakacin shi ne ta rage masa wani kaso, ba ta hana shi gaba ɗaya. Hula ma ai kai take karewa, za su iya jan magana a kan haƙoran, cinya kuwa ba ruwanta da hula.

Maganar kotu, in dukkanku Musulmi ne kotun shari'ar Musulunci na iya sauraron da'awar diyya kuma ta fi sauri da sauƙin kashe kuɗi, babbar kotu ta fi dacewa in kuɗin da yawa ko mai motar kamfani ne, sai dai a shirya zarya. Ni da za ku ji tawa ku fara da sulhu amma na takarda. A Kano akwai cibiyar sulhu ta Multi-Door a ƙarƙashin babbar kotun jiha, in kun daidaita a can alƙali ya sa hannu ya zama hukunci, wanda ya saɓa ana iya kama kayansa. A rubuta Alhaji da direba duka biyun da sunansu, a rubuta abin da aka kashe zuwa yau za a biya nan take ko kashi nawa, a rubuta aikin cire ƙarfe da gashin ƙashi da haƙora a kansu suke duk ranar da likita ya ce, da wani abu duk wata na cefane har ya koma shago, da mai tsaya musu wanda ke da adireshi. Dubu 200 ɗin ku karɓa ku ba da rasit a rubuta kafin alƙalami ne daga cikin kuɗin magani, kalmar mun yafe ko ba mu da sauran haƙƙi kar ta shiga ko'ina. Kuma kar ku dogara da cewa motar na caji ofis, 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, da VIO ya gama dubawa ana iya ba da belinta ko kun so ko ba ku so ba.

Ɗan Tasha:

Barista ranka ya daɗe a ƙara da wannan, a sa shugaban tasha cikin masu sa hannu, a ce duk sati daga balas ɗin motar za a cire a tura akawun ɗin yaron kai tsaye kar ya bi ta hannun Alhaji ko direba. Mu a tasharmu haka muke yi, satin da ba a tura ba motar ba ta shiga layi. Asalin takardun motar kuma a ajiye su wajen mai unguwarku har a gama biya, in ba haka ba wata safiya za ku ji an sai da ita an kai Maraɗi.